Dashen da Ya Ɓace a Bakin Iyaka

Kawuna mai dashe ne. In ka ce masa manomi sai ya ɓata rai, in ka ce ɗan kasuwa sai ya ce Allah ya kiyaye. Shi dai aikinsa renon 'ya'yan itatuwa a cikin baƙar leda, ya yi musu aure, su yi ƙwari, a loda su a mota a kai kasuwar tsallaken iyaka. Ni ne direban. Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma tun ina da suma a ka nake jan motar nan tasa, yanzu ga shi tsakiyar kan ya zama fili. Bai taɓa kirana da sunana ba. Sarkin Gaggawa yake ce min, don kawai ina so mu bar gida kafin rana ta yi zafi, shi kuwa sai ya bi ledoji ɗaya bayan ɗaya yana juya ganye yana leƙa ƙarƙashinsa.

Ga wanda bai san aikin ba, auren itace shi ne a yanko ɗan reshe daga bishiyar da 'ya'yanta ke da daɗi, a tsaga jikin ƙaramin dashe mai ƙarfin saiwa, a cusa reshen a ciki, a ɗaure tam. In ya kama, to bishiyar da za ta tashi 'ya'yan waccan ta farkon za ta yi, ɗanɗano da ƙamshi duka. Kawu yana da 'yar wuƙa ta wannan aiki wadda ko farce ba ya yarda a yanke da ita. Na taɓa feƙe fensirin ɗiyata da ita, sai da muka yi mako ba ya amsa gaisuwata da kyau.

Lambun yana bayan gida, ƙarƙashin rumfar raga, da tsohon tanki a gefe da tulin taki wanda maƙwabta suka gaji da ƙorafi a kansa. Kawu ba ya rubutu a jikin leda, wai ruwa na wanke rubutu. Ɗigon fenti yake sawa: shuɗi na lemon zaƙi, fari na lemon tsami, rawaya na mangwaro. Idonsa ya fara rauni, amma ɗigon nan ko daga bakin ƙofa yana hangensa.

Dashe ba a biyan masa kuɗin fito a iyakar da muke bi. Duk wanda ya ji haka sai ya ce ai mun huta. Huta! Wallahi da a ce kuɗi ne a biya a wuce, da ban yi sanƙo da wuri haka ba. Takardar lafiyar tsirrai da ake ba mu a ɓangarenmu, mutanen tsallake sun yi shekara guda suna cewa hatimin da ke kanta tsoho ne, namu kuma suna cewa ba su da wani. Akwai lokacin da aka ce kaya kada ya ɗara kan mota tsawo, aka sa Kawu ya datse kan mangwaro da hannunsa. Ofishin wannan gefe na tafiya cin abinci, yana dawowa na wancan gefe zai ja ƙofarsa. Kai kuma kana tsakiya, rana na dukan kaya, ganye na laushi a gaban idonka. Ni na kan fita in yi ta zagaye mota ina tsaki. Kawu kuwa sai ya sauko da butarsa, ya yayyafa wa dashe ruwa, ya zauna a inuwar taya yana ba direbobi shawarar abin da za su shuka a gidajensu. Rabin manyan motocin hanyar nan akwai bishiyar Kawu a gidan masu jan su.

A tsakar gidan Kawu akwai wata bishiyar lemo da matarsa ta shuka, wadda dukanmu muke kira Inna. Ba wanda ya san irin lemon. Ƙwallo ta tofar a bayan randa, ya tsiro, ta hana a cire. Lemon ƙanana ne, ɓawonsu siriri, ba su da kyan gani ko kaɗan, amma in aka ɓare ɗaya a tsakar gida har na soro sai ya ji ƙamshi. Zaƙinsa na da ɗan tsami a ƙarshe, irin wanda ke sa ka miƙa hannu ka ɗauki wani. Kawu bai taɓa yi masa aure don sayarwa ba. Ya ce ba zai yi kasuwa ba, kuma ai bishiyar na nan.

Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta. Damina biyu bayan haka ruwa ya kwanta a tsakar gidan, saiwar bishiyar ta ruɓe, ganye ya fara zuba. Kawu ya yanko rassan da suka rage da rai ya yi musu aure cikin sauri, amma rassan sun riga sun galabaita. Ɗaya tak ya kama. Ya ɗiga wa ledarsa jan fenti, wanda bai taɓa sa wa wani dashe ba.

Autarsu tana aure a garin tsallaken iyaka, inda kasuwarmu take. Da ta ji bishiyar ta bushe ta yi kuka a waya har sai da ni ma na share ido. Kawu ya ce mata, “Yi shiru, Auta. Na tsirar da guda. Gidan nan ruwa na kwanciya, naku kuwa tudu ne. Ke za ki riƙe shi.”

Ranar da za mu kai shi, lodinmu duk lemon zaƙi ne, kusan ɗari, sa'annin juna, lokaci ɗaya aka yi musu aure, tsawonsu ɗaya. Mai jan ɗigon bai hau baya ba. A cinyar Kawu ya zauna, a gaban mota, kuma duk ramin da na faɗa sai Kawu ya harare ni.

Muka wuce shingen ɓangarenmu lafiya. A na tsallake sai ga wata sabuwar jami'ar duba tsirrai, matashiya, da farar riga da safar hannu. Ta gaishe da Kawu da ladabi, ta duba takarda, ta ce takarda ta yi. Har na murɗa makulli sai ta ce, “Baba, itatuwan za su wuce, amma ƙasar da ke cikin ledar ba za ta wuce ba. Sabuwar doka ce.”

Na ce, “Malama, wace irin magana ce wannan? Yau shekara nawa muna wucewa da ita!”

Kawu ya ce, “'Yata, ga iska nan kullum tana kwasar turɓayar nan tana tsallakawa da ita. Ga awaki can suna wucewa da ita a kofato. Su wa ya tare su?”

Ta yi dariya, ta ce, “Da ina da ikon tare akuya, Baba, da na tare ta. Akwai wata tsutsa da ke ɓuya a ƙasar leda tana cin saiwa. Ta gama da gonaki da yawa a nan, har da ta mahaifina. Ba zan bari ko cokali ɗaya ya wuce ba.”

Ni dai raina ya gama ɓaci, na ce a juya kawai. Amma Kawu da ya ji zancen saiwa sai ya sauko daga mota, suka tsuguna shi da ita kamar tsofaffin abokai. Ta nuna masa yadda za a yi: a yaga leda, a wanke saiwa tas a ruwa, ta duba, a naɗe da jiƙaƙƙen garin katako a cikin buhu, in an tsallaka a sake dasawa kafin yamma. Ta nuna mana rumfar wani kafinta a gefen hanya inda za mu samu garin katakon. Kawu ya jinjina kai ya ce, “Yarinyar nan ta san itace.” Ni na ce ta san yadda ake ɓata wa mutum yini dai.

Wanke saiwar dashe ɗari a famfo ɗaya, wanda duk bakin iyakar ke sha daga gare shi! Amma direbobin da ke jiran layi sun gaji da zama, kuma duk sun san Kawu. Kafin ka ce me, wannan ya kawo bokiti, wancan ya kawo bahon wanke injinsa, mai shayi ya ba da aron roba. Ƙattai masu jan tirela suka naɗe hannun riga suna wanke saiwa a hankali suna tsokanar juna. Wani ya ce ko jaririnsa bai taɓa yi wa wanka haka ba. Kawu na yawo a tsakaninsu yana cewa, “Sannu-sannu, kada ka murje, ba wanki ba ne.” Jami'ar na karɓa tana dubawa tana miƙa wa masu naɗewa.

Mai jan ɗigon, Kawu ya ce shi zai wanke shi da hannunsa, a ƙarshe, ya naɗe shi daban. Ya ajiye shi a inuwar tayar gaba. Sai aka kira shi cikin ofis ya dangwala yatsa a kan sabuwar takarda. Ni kuma ina bakin famfo ina musu da wata mai sayar da ruwan sanyi kan wa ya riga wa kafa bokiti.

Kawu na fitowa yana goge yatsa, sai wani direban tankar mai, mutum mai kirki da ƙaton ciki, ya tare shi da fara'a yana kaɗa yagaggiyar leda. “Baba, ga ɗaya ka manta a gindin taya. Na ƙarasa maka, yana cikin 'yan'uwansa.”

A jikin ledar akwai jan ɗigo.

Ban taɓa ganin fuskar Kawu haka ba, ko ranar jana'izar Inna. Ya dubi ledar, ya dubi buhunan da aka jera, kowanne cike da kawunan ganye iri ɗaya. Ni na buɗe baki zan sauke wa direban nan kwandon masifa, Kawu ya riƙe hannuna. Ya ce wa mutumin, “Allah ya yi maka albarka, ɗana. A wane buhu ka sa?” Mutumin ya nuna wannan, ya nuna wancan, ya sosa ƙeya. Da aka gaya masa abin da ya faru, sai ya zauna a kan matakalar motarsa ya dafe kai, har sai da Kawu ya koma lallashinsa.

A gidan Auta muka zazzage su a inuwa, muka sake cika ledoji da ƙasar bayan gidanta. Kawu ya ce ba komai, shi da ya yi shekaru yana shaƙar ganyen bishiyar nan ai zai gane ta da hanci. Ya bi su yana murza ganye yana shinshinawa. Ya ɗaga ɗaya ya ce, “Shi ne, ko shakka babu.” Can kuma ya ɗaga wani ya ce, “A'a, wannan ne.” Da ya ɗaga na uku, Auta ta fashe da dariya tana hawaye a lokaci guda, ta ce, “Baba, ka bari haka, hancinka ya gaji.”

Lemo ba ya nuna ko shi wane ne sai ya yi 'ya'ya, wannan kuwa sai an shekara uku ko fiye. Tsakar gidan Auta bishiya ɗaya zai ɗauka. Washegari a kasuwa wani mai babbar gona daga nesa ya zo ya ce zai kwashe lodin gaba ɗaya, a loda masa yanzu. Na fara kwance igiya ina hamdala. Kawu ya ce ba na sayarwa ba ne. Na ja shi gefe na ce, “Kawu, lafiya kuwa? Man da muka ƙona fa?” Ya ce, “Sarkin Gaggawa, in ya tafi da su ina zan gan su?”

Abin da ya yanke shi ne, ba zai sayar wa kowa ba sai mutumin cikin garin, wanda zai nuna masa gidansa, ya kuma yi alkawarin in bishiya ta yi 'ya'yan fari zai kai wa Auta ta ɗanɗana. Wa zai kai su gida-gida? Ni mana! Na shiga lungunan da ko amalanke ba ta shiga, na karce gefen mota a katangar wani tela, kare ya bi ni a gidan wata ungozoma. Kawu da kansa yake haƙa ramin, ya dasa, ya yi wa matar gida huɗubar ban ruwa. Ɗaya daga cikin ukun da hancinsa ya zaɓa ya dasa wa Auta.

Tun daga nan tafiyarmu ta canza. Mun koyi wanke saiwa tun daga gida, jami'ar nan ta duba ta ɗaga mana hannu, ta tambayi Kawu, “Baba, an gan shi?” ya ce, “Tukuna, 'yata.” In mun tashi daga kasuwa ba gida muke nufa ba, sai zagayen duba marasa lafiya, kamar yadda nake kiransa. Kawu ba ya mance gida ko ɗaya: mai koren ƙofa, gidan da ake kiwon zabi, bayan injin niƙa. Yara na hango motar za su ruga ciki suna ihu, “Ga Kawun lemo!” Garin da ba a haife shi a ciki ba, ya zama ba a ɗaura aure ko a yi sulhun maƙwabta ba a jira ranar zuwansa ba. Shayin da na sha a gidajen nan ya isa ya cika tankin motar.

Ba duka suka rayu ba. Akuya ta cinye wasu, wani ya tashi daga haya mai gidan ya yi gini a wurin, wasu kuma suka bushe haka kawai. Duk wanda muka tarar ya mutu, Kawu ya kan tsaya a kansa jim, ya ce, “Ba shi ba ne,” mu wuce. Amma a hanyar komawa sai ya zuba wa titi ido, ni kuma in kashe rediyo. Tsoro nake ji, gaskiya, kada a ce muna ta yawo ne a kan abin da akuya ta daɗe da narkarwa.

Da suka fara 'ya'ya, gidan Auta ya koma kamar rumfar 'yan lemo. Wannan ya aiko a kwano, wancan a hula. Kawu ba abin dogaro ba ne a nan, don duk wanda ya sa a baki sai ya lumshe ido ya ce, “Kamar shi ne fa.” Auta ce alƙali. Ta ɓare, ta shinshina, ta girgiza kai tun kafin ta kai baki. Na gidanta ma da ya nuna, ƙato ne mai kaurin ɓawo. Ta ce, “Baba, hancin nan naka a kai shi gareji.” Mijinta ya ce shi dai ya gode, tunda aka fara shari'ar nan mura ba ta ƙara kama kowa a gidan ba.

Kaka biyu aka yi ana haka. Gidajen da suka rage ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma Kawu ya daina cewa kamar shi ne.

Wata ranar kasuwa da la'asar muna tsakar gidan Auta ina gyara madubin mota da ya karye, sai ga sallamar mai walda na bakin tasha. Shi ma ya karɓi dashe a wancan lokacin, ya dasa a bayan rumfarsa tsakanin tarkacen ƙarfe, inda ba ya samun ruwa sai na wanke hannu. Duk zuwanmu bishiyar a tsumure take, ta ƙi girma ta ƙi mutuwa. Ya shigo da hular waldarsa a hannu, da lemo a cikinta, fuskarsa ba walwala.

Ya ce, “Kawu, ni ƙara na kawo. Na kowa ya yi manya-manya, nawa dubi abin da ya haifa bayan duk jiran nan. Kamar ƙwan zabi! Gobe zan sare shi in ƙara rumfa. Na ce dai in cika alkawari tukuna, kada ka ce na ci amana.”

Ya juye su a kan tabarma. Ƙanana ne, fatarsu duk tabo. Kawu bai taɓa su ba. Auta ta tsame hannu daga wanke-wanke, ta goge a zane, ta ɗauki ɗaya ta soka farce.

Ni ina can bakin ƙofa da sukurdireba a hannu, ƙamshin ya iso ni. Na ajiye sukurdireban.

Auta ta sa ɓari ɗaya a baki. Ba ta girgiza kai ba. Ta miƙa wa Kawu ɓari, ya karɓa ya riƙe, ya kasa kaiwa baki, hawaye na bin gemunsa yana dariya. Mai walda ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, “To, wai na yi wani laifi ne?”

Na ce, “Malam, in ka taɓa bishiyar nan da gatari, ni da kai ne a garin nan. Rumfarka ka ƙara ta ta gaba, ni zan kawo maka kwanon rufi.”

Kawu ya share fuska da hannun riga, ya laluba aljihu ya tabbatar wuƙarsa na nan, ya ce in tayar da mota yanzu-yanzu, a je a yanko rassa tun da sauran haske. Shi da bakinsa yake ce min in yi sauri.

Auta ta ce mu dakata. Ta leƙa ɗaki ta kira 'yarta, wadda aka haifa bayan rasuwar Inna. Yarinyar ta fito da fensir a hannu tana tura baki, an katse mata aikin makaranta. Auta ta zaunar da ita a cinya, ta cire ƙwallon da ke cikin ɓarin, ta ce, “Buɗe baki. Zo ki sha lemon kakarki.”

Yarinyar ta tauna, ta ɗan yamutsa fuska da tsamin ƙarshen ya zo, sannan ta miƙa hannu ta ɗauki wani.